Lambu a Cikin Gilashi: Amsoshin Tambayoyinku kan Akwatin Kifi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ba da labarin akwatin gilashin da ke falona, mai tsirrai masu rai da 'yan ƙananan kifaye, saƙonni suke ta shigowa, har daga mutanen da ban zaci abin zai ja hankalinsu ba. Na zaɓi wasu daga ciki. Na rage tsawon tambayoyin saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Wata malamar firamare daga Gusau ta rubuto: "Malam, ɗana mai shekara 12 ya ga irin akwatin nan a waya ya hana ni sakat. Ɗakinmu ba girma, kuɗin ma sai a hankali. Na ga ana sayar da wata 'yar kwalba mai siffar tulu da jajayen kifi biyu a ciki. In saya masa ita mu fara?"

Malama, don Allah kada ki sayi kwalbar nan. Na san ita ta fi araha, ita kuma ta fi kama da abin farawa, amma a wannan harka ƙaramin mazubi shi ya fi wuyar riƙo. Ki zuba cokalin gishiri a kofi, ki zuba wani a randa, ki ɗanɗana. Haka ƙazantar kifi take. A ruwa lita 4 kafin dare ta gurɓata komai, a lita 50 kuwa kina da kwanaki na gyara kuskure. Zafi da sanyi ma haka: kwalba takan ɗau zafi da rana ta huce da asuba, kifin yana ciki yana shan wahala.

Abin da nake ba kowane sabon shiga shawara shi ne akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Idan kika ninka ukun kika raba da 1,000 za ki samu lita 54, wato jarkar 'yan ga-ruwa biyu da ɗan ɗori. Ba lallai ki sayi na kanti ba. Masu aikin tagogin aluminiyam suna iya yanka gilashin su haɗa miki. Ki ce musu gilashi mai kaurin milimita 6, su kuma goge bakinsa don kada ya yanki yaro. Wurin da za ki tsaya kai da fata shi ne gam ɗin: silikon zalla, ba irin na banɗaki da kicin ba, domin shi an sa masa maganin hana fumfuna, maganin kuwa guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe mako guda, sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu. In zai yi yoyo, gara ya yi a can.

Ki lura da nauyi. Kowace lita kilo ɗaya ce, ga gilashi, ga yashi, ga duwatsu. Abin zai tasam ma kilo 70. Teburin roba ba zai ɗauka ba. A samu na katako mai ƙwari da ba ya rawa, a shimfiɗa farin soson nan da ake kunso firji ko talabijin da shi, a ɗora akwatin a kai. A nisanta shi da tagar da rana ke faɗowa ta ciki.

Sai ƙasa. Ni ƙasar lambu nake sawa a ƙarƙashi, wadda ba ta ga takin zamani ko kashin kaji ko feshi ba. Ina tankaɗe ta da rariya in fitar da itatuwa da tsakuwa, in jiƙa ta kwana biyu in tsiyaye, in shimfiɗa kaurin santimita 2. A samanta in rufe da yashin rafi mai ɗan girman ƙwaya, santimita 3, wanda na wanke har ruwansa ya fita garau. Ƙasar ita ce abincin saiwa, yashin shi ne murfin da zai hana ta dama ruwa. In za ki sa dutse, ki ɗiga masa ruwan khal tukuna. In ya yi kumfa, yana da farar ƙasa a jikinsa, ki ajiye shi. Wajen zuba ruwa ki kifa faranti a kan yashin ki riƙa tsiyaya a kansa sannu sannu.

Tsirrai kuwa ki dasa da yawa tun ranar farko, kada ki ce guda biyu sun isa sa yaɗu. Inda tsirrai suka yi ƙaranci gansakuka ce ke cin gadon. Sunayen da masu sayarwa suka sani na boko ne, ki rubuta su a takarda: Vallisneria, mai dogon ganye kamar na albasa, ita ake jerawa a baya, Ceratophyllum, mai kama da jelar dila, wadda ba ta da saiwa ko kaɗan, a ruwa take yawo, sai Anubias da Java fern, waɗanda ba a binne gindinsu, ɗaure su ake yi da zare a jikin dutse ko icce, in an binne su ruɓewa suke yi. Dukansu ba sa neman wani haske mai ƙarfi. Farin ƙwan LED mai wat 10, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, awa 6 zuwa 7 a rana, ya wadatar.

Kin ga har yanzu ban ambaci kifi ba. Da gangan ne. Kifi ba zai shiga ba sai bayan mako 4 zuwa 6, dalilin kuma yana cikin amsar da ke biye. Ki saya wa yaron littafin rubutu, ki ce aikinsa ne ya riƙa ƙirga sababbin ganye duk Juma'a, yana rubuta launin ruwan, yana kunna fitila yana kashewa a kan lokaci. Yaron da ya raini lambun nan wata guda babu kifi, shi ne zai iya riƙon kifin in ya zo.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce: "Baba, na haɗa akwatina ranar Asabar, na zuba kifi 10 a ranar. Kwana uku ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Kafin mako ya zagayo 6 sun mutu. Mai shagon ya ce ruwan garinmu ne ba kyau. Me zan yi da huɗun da suka rage?"

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu, domin abin da ya same ka shi ya same ni shekara 11 da suka wuce. Kifi 8 na zuba a ranar da na cika akwatina na farko. A kwana na biyar 'yata, lokacin tana da shekara 6, ta tashe ni da sassafe ta ce, "Baba, me ya sa suke kwance?" Ban iya ba ta amsa ba. Ni da nake koyar da ilimin halittu a aji, na san bayanin a allo, ban taɓa kawo wa raina cewa a falona zai faru ba. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, don halittun nan ba su yi laifin komai ba.

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba ruwan garinku ne mai laifi ba. Kifi yana fitar da amoniya, sinadarin nan mai zarni da kake ji a makewayin da ba a wanke ba. Yana fitar da ita ta wurin shaƙarsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe ita suke zama. A kogi ruwa ya tafi da ita. A akwati babu inda za ta je, sai ta taru ta ƙone wa kifin wurin numfashi. Masu kawar da ita wasu bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko su mayar da amoniya nitirayit, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mayar da nitirayit nitiret, wanda ba ya cutarwa sai ya yi yawa, kuma shi ne takin da tsirrai ke sha. Bakteriyan nan a jikin soson tace ruwa da yashi da duwatsu suke zama, kuma ba su da saurin hayayyafa. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi sai an yi mako 4 zuwa 6. Sabon akwati gida ne da ba a haƙa masa masai ba, kai kuwa ka tarar da mutum 10 a ciki rana ɗaya.

Farin da ka gani wasu bakteriya ne dabam da suka samu abinci a ruwa suka yi yawa lokaci guda. Shi kansa ba ya kisa, yakan washe da kansa, amma alama ce cewa akwatin bai nuna ba.

Huɗun nan za su iya tsira. Daga yau ka riƙa ɗebe kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum kana mayar da sabo, har mako biyu, sannan ka koma sau biyu a mako. Abinci sau ɗaya a kwana biyu, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe kifi. Kada ka ƙaro ko ɗaya. In ka san wani mai tsohon akwati da kifinsa ke cikin ƙoshin lafiya, ka roƙe shi ya matse maka soson matacinsa a leda. Baƙin ruwan nan mai kama da datti ka juye shi a naka. Iri ne ka samo, kamar yadda mai nono ke ajiye ɗan tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara. Ka kuma cika saman ruwan da tsirrai masu yawo, don su amoniyar ma kai tsaye suke sha.

Abu ɗaya da mutane ke yi da kyakkyawar niyya ya ƙarasa kifin: kwashe komai a wanke da sabulu ko omo. Kada sabulu ya kusanci akwatinka har abada. Bokiti da tiyo da soson aikin nan su zama nasu su kaɗai. Soson matacin ma a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo daga akwatin za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

Tunda an ambaci ruwan gari, bari in faɗi gaskiyarsa. Ruwan famfo ana sa masa kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma bai san bambancin masu cutarwa da masu amfani ba. Ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, kilorin zai fice. Akwai wani nau'insa da ake kira kiloramin da ba ya fita da ajiya, shi sai maganin ɗigawa da masu kayan kifi ke sayarwa. In ka same shi ka saya, kwalba ɗaya tana daɗewa. Ruwan burtsatse ba shi da kilorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. In butar shayinku tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanku mai nauyi ne, kuma gofi (guppy, ɗan ƙaramin kifi mai launuka) da Vallisneria irinsa suke so.

Wanda bai riga ya sayi kifi ba, ga hanya: ya dasa tsirrai, ya kunna mataci, ya riƙa jefa ɗan mitsitsin abincin kifi a ruwan duk kwana biyu don bakteriyan su samu abin ci. In yana da kayan gwaji, ya jira amoniya da nitirayit su nuna sifili. In ba shi da su, ya cika mako 6, ya sa kifi 3, ya sake jira mako biyu kafin ƙari.

Wani magidanci daga Haɗeja ya tambaya: "Mu nan tsirran ruwa a bakin ƙofa suke. Zan iya ɗebo kainuwa daga kududdufi in sa, ko sai na kanti?"

Malam, wannan tambaya ta faranta mini rai. Kainuwa dashen Allah! A ƙasashen Turai an sha sa kuɗi a saye ta, mu kuwa muna wuce ta a hanyar gona. Ban san tsiron da ya fi ta tsotse ƙazantar ruwa a akwati ba, saboda ganyenta a sarari yake yana shan iska yadda yake so, saiwarta kuma tana lilo a ruwa, 'ya'yan kifi suna ɓuya a ciki. Ceratophyllum ɗin da na ambata a sama ma akwai ta a tafkunanmu, ka duba inda ruwa ya kwanta.

Amma ka saurare ni da kyau a nan, domin maganar ta wuce kifi, ta shafi lafiyar iyalinka. Ƙananan katantanwar ruwan kududdufi su ne masaukin tsutsar da ke kawo tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, kuma ta fata take shiga jikin mutum. Katantanwar da ƙwanta suna manne wa saiwar kainuwa. Kada ka shiga ruwan, kada ka aiki yara. Ka jawo ta da sanda daga gaɓa, ka sa safar roba a hannu. A gida ka jiƙa ta awa 3 a ruwan alam, wanda ake kwantar da dauɗar ruwa da shi, babban cokali ɗaya a lita 4, ka ɗauraye sosai. Daga nan ka ajiye ta a bokiti dabam mako biyu zuwa uku kana dubawa, duk katantanwar da ta ɓullo ka cire. A nan ne kuma za ka kama tsutsar mazari, wadda in ta shiga akwati 'ya'yan kifi take farauta ɗaya bayan ɗaya.

Kainuwa ba ta son raɓar murfi tana ɗiga a ganyenta, ka bar mata sarari. Tana da saurin yaɗuwa, duk mako ka rage ta kada ta rufe fiye da rabin saman ruwa, in ba haka ba na ƙasa su rasa haske. Bado kuwa ka bar shi a tafki, ya fi ƙarfin lita 54.

Abin da ka rage ka shanya shi a rana ya bushe. Kada ka taɓa zuba tsiro ko kifin akwati a rafi ko magudana. Kai da ke Haɗeja ba sai an gaya maka abin da kachala ta yi wa hanyoyin ruwa da gonakin fadama tsakaninku da Nguru ba. A kudu ma, tsiron ruwan nan mai shuɗin fure da ake kira water hyacinth, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda kyawunsa ya sa aka yi ta yawo da shi a duniya, ya shigo ruwan Badagiri a 1984, har yau masu kwalekwale suna fama da shi.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da nake so masu karatu su sani. Anubias ɗin da ake sayar mana da tsada kamar baƙuwa, 'yar gida ce: a bakin rafukan dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru take fitowa. Cikakken sunan wadda aka fi sani Anubias barteri, daga sunan Charles Barter, wani mai tattara tsirrai ɗan Ingila da ya biyo tawagar binciken da wani Bature mai suna Baikie ya jagoranta a Kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba, cikin jihar Neja ta yau, a 1859. Kifaye ma haka. Wanda ake kira kribensis, mai jan ciki, daga ruwayen kudancin Najeriya da Kamaru yake. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai ɗigon ja a jiki mai sheƙi, gardneri, wanda masu kiwonsa a Jamus da Amurka suke bambanta irinsa da sunayen garuruwan da aka samo shi: Makurɗi, Akure, Lafiya. Ranar da na fara ganin sunan Makurɗi a jerin kifayen wani Bature na daɗe ina kallon shafin. In ka samu gardneri ka rufe akwatinka ruf, gwanin tsalle ne.

Wani tela daga Kano: "Wuta ba ta zama a unguwarmu. Abin zai yiwu kuwa?"

Zai yiwu, Malam, in ka gina shi a kan rashin wutar tun farko. Ka manta da manyan injinan tace ruwa masu rufaffen gwangwani. In wuta ta ɗauke awanni, bakteriyan ciki su shaƙe su mutu, in ta dawo injin ya watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Ka nemi matacin soso, wanda iska ke tafiyar da shi, da ɗan injin iska mai igiyar cajin waya. Abin da yake ci bai fi wat ɗaya ba, fawa bank mai kyau yakan wuni da shi ya kwana. Fitilar ma akwai ta sola. Sannan ka yawaita tsirrai ka rage kifi: gofi 6 sun ishe ka, namiji biyu mace huɗu, don su haihuwa suke yi kusan duk wata, ba da daɗewa ba za ka fara rabawa maƙwabta. In kana son wanda ba ruwansa da injin iska sam, ka sayi betta namiji guda ɗaya tak. Daga fadamun shinkafar ƙasar Tailan asalinsa yake, yana iya leƙowa ya shaƙi iska a sama. Biyu kuwa faɗa za su yi har ɗaya ya halaka.

Ka riƙe wannan: da rana tsirrai suna ba ruwa iska, da dare su ma shan ta suke yi. Lokacin da iskar ta fi ƙaranci shi ne asuba. In ka dawo daga masallaci ka haska akwatin. In ka tarar da kifin sun taru a sama suna buɗe baki, to da dare ya kamata injin ya riƙa aiki, ko da zai huta da rana.

Daga Maiduguri wata 'yar'uwa tana tsoron zafin bazara, daga Jos kuma wani ɗan'uwa yana tsoron hunturu.

Yawancin kifayen nan tsakanin digiri 24 da 28 suke jin daɗi. Ku duka ku sayi ɗan ma'aunin zafi mai mannewa a gilashi, ba shi da tsada.

'Yar'uwa, naki ya fi haɗari. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da gari ke haura digiri 40, ruwan ɗaki yakan wuce 30, kuma ruwa in ya ɗumama iskar da yake riƙewa raguwa take yi: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, ta sauko wajen 7 da rabi a digiri 30, alhali a zafin ne kifi ya fi bukatarta. Dabarar randa za ki yi. Ki buɗe murfin, ki sa raga a madadinsa, ki saita 'yar fanka tana hura saman ruwan. Tururin da ke tashi yakan sauke digiri 2 ko 3. Ruwan zai riƙa ƙafewa, ki riƙa cikawa da wanda ya kwana. Ki mayar da lokacin fitila zuwa bayan magariba. Kada ki juye ƙanƙara a ciki, saukar zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Ɗan'uwa na Jos, a Disamba da Janairu darenku yakan sauka ƙasa da digiri 12, gofi ba za su jure ba. Hita mai wat 50 ta isa lita 54. In babu wuta ka lulluɓe akwatin da bargo tun yamma. Ko kuma ka zaɓi zebra danio, 'yan Indiya masu zane-zane a jiki, su digiri 18 ba ya damun su. Ka sa su 6, ba sa son kaɗaici.

Wani matashi daga Zangon Kumasi: "Ina da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, in zuba su?"

A'a, ɗana. Tarwaɗa cikin 'yan watanni za ta fi ƙarfin akwatin, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Karfasa haƙa take yi, za ta tumɓuke dashenka ta dama ƙasar. Jan kifin nan na Sin da ake sawa a kwalba shi ma ka bar shi: yana kai tsawon tafin hannu ya wuce, yana cin ganye, ƙazantarsa kuma ta kifi biyar ce.

Wani dattijo mai ritaya daga Katsina ya rubuto da hannunsa: "Malam, jikokina suna so, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tsare halittar Allah a gilashi don kallo, ba zalunci ba ne?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce wadda ya kamata kowa ya fara yi wa kansa kafin ya tambayi farashin gilashi. Hukunci na malamai ne, ka tuntuɓi wanda ka amince da shi. Ni dai hadisai biyu nake ajiyewa a gabana. Na farko na ƙanin Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Na biyu na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na biyun ne yake tayar da ni in canja ruwa ranar da na gaji. Kaza in ka manta da ita za ta yi tono, akuya za ta yi kuka har ka ji. Kifi ba shi da murya, ba shi da ƙofar fita. Iskar da zai shaƙa ma a hannunka take. In jikokin za su yi ɗoki na mako biyu su watsar, kuma babu babban da zai ɗauki nauyin canja rubu'in ruwan duk mako, to gara a yi lambun kawai babu kifi. Shi ma abin kallo ne, ni kaina ina da guda ɗaya haka a ɗakin karatuna.

Wata amarya daga Zariya: "Kifina suna lafiya wata uku, ranar nan na wayi gari duk sun mutu. Ban canja komai ba. Sai dai maigida ya yi feshin sauro da dare."

Allah ya mayar miki da alheri, ƙanwata. Kin riga kin faɗi dalilin. Magungunan feshin sauro, na gwangwani da fiya-fiya da na kunnawa mai hayaƙi, guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan abin da ba zai sa mutum tari ba ya isa ya kashe su. Injin iskar ne ma yake zuƙo iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Nan gaba kafin a yi feshi ki kashe injin, ki rufe akwatin da leda, ki ɗora jiƙaƙƙen tawul, kada ki buɗe sai an buɗe tagogi ɗakin ya sha iska. Mafi alheri a mayar da akwatin ɗakin da ba a feshi, ku kuma ku koma gidan sauro. Turaren wuta ma ki nisanta kaskon da shi, in kuma kin shafa humra ko mai, ki wanke hannu da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ki tsoma. Yanzu ki canja ruwan gaba ɗaya sau biyu, ki sayi sabon soso, ki bar tsirran su yi wata guda kafin ki kawo wasu kifin.

Kin kuma tambaya a ƙarshen saƙonki wa zai ciyar da su in kun tafi gida hutun Sallah. Babban kifi mai lafiya yana yin mako guda babu abinci, balle a akwati mai tsirrai inda yake samun abin tsinta. Ki canja ruwa kwana biyu kafin tafiya, ki rage kainuwar, ki ja labule rabi. In tafiyar za ta wuce kwana 10 kuma dole ki bar wa maƙwabciya amana, kada ki miƙa mata gwangwanin abincin, tausayi zai sa ta zuba da yawa. Ki ƙulla na kowace ciyarwa a 'yar takarda, ki rubuta ranar a jiki, ƙulli ɗaya duk kwana uku, sauran kuma ki kulle a kabad ki tafi da makullin.